Hoton 'Yar Wa Ke Sayar Mana Da Atamfa?

 

Tun bayan ƙaramar Sallah akwai wata takardar sanarwa da ke yawo a wayoyin unguwar nan. Ta shiga zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, ta shiga na matan Islamiyya, har mun ga an manna irinta a jikin turken lantarki kusa da inda 'yan keke ke lodi. Da Turanci aka rubuta ta, an sa hoton wata yarinya fara sol, gyale ya zame mata zuwa tsakiyar kai. Abin da takardar ke cewa shi ne ana neman 'yan mata daga shekara 16 zuwa 25 masu son shiga harkar modelin, wato sana'ar sa tufafi a ɗauki mutum hoto, ko ya yi taku a gaban jama'a, domin a tallata kayan. Wai cikin mako biyu za a koya musu tafiya da tsayuwa, sannan a haɗa su da manyan kamfanonin Legas da na ƙasashen waje. Kuɗin fom N15,000. Babu adireshin ofis, babu sunan mutum ko ɗaya, sai lambar waya da lambar asusun banki.

Da farko mun yi niyyar mu faɗi kalma biyu bayan sallar Magariba mu wuce. Abin da ya sauya mana ra'ayi shi ne wata baiwar Allah, mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, da ta yi sallama a zaurenmu bayan Isha'i. Ta ce, "Malam, 'yarka ta tasa ni gaba da kuka, sai na ba ta kuɗin fom ɗin nan. Na ce mata haramun ne. Ta ce ai ko shagon Alhaji wane, wanda ba ya rasa sahun gaba, hotonta ne a shafinsu, ta yi musu talla har sau uku. To Malam, in haramun ne, me ya sa ba a faɗa wa Alhaji ba?" Wallahi ba mu sami abin ce mata nan take ba. Muka ce, "Hajiya, ki je gida, ki riƙe kuɗinki tukuna, za mu yi nazari." Ga abin da nazarin ya haifar, kuma mun san ba kowa zai ji daɗinsa ba, har da mu masu rubutun.

Mu fara da takardar kanta. Mu 'yan kasuwa ne, shekararmu ta haura 30 muna sayar da atamfa da shadda a kasuwar Jimeta, kuma duk ɗan kasuwa ya san cinikin da aka ce ka fara biya kafin ka ga kaya, a tsaya a duba. A garuruwan da sana'ar nan ta kafu, irin su Faris da Milan da Landan, kamfanin da ke riƙe da masu tallar tufafi dillali ne kawai. Shi ke nemo wa yarinya aiki, in an biya ya cire la'adarsa, galibi wajen kashi 20 cikin 100. In ba ta sami aiki ba, shi ma bai ci komai ba. Dalilin da ya sa yake tsananta zaɓe ke nan. Masu taku a manyan taruka ana son tsawonsu ya kai wajen ƙafa biyar da inci tara, da siririn jiki irin wanda in uwa ta ga 'yarta a haka sai ta kai ta asibiti. Ku dubi 'yan matan unguwarmu, nawa ne suka kai wannan tsawon? To wanda ya ce kowa ta zo, gajera da doguwa, in dai tana da N15,000, ai ya riga ya gaya maka inda ribarsa take. Yara 100 suka yanki fom, ya tashi da naira miliyan ɗaya da rabi, bai nemo wa ko ɗaya aiki ba.

Kuma fom ƙofa ce kawai. Bayansa akwai kuɗin hoto, akwai kuɗin mai kwalliya, akwai ɗinkin da za a sa ranar taro. In aka ce za a yi gasa, sai a raba wa kowace yarinya tikiti ta je ta sayar, ko a ce dangi su sayi ƙuri'a da kuɗi, wadda ta fi tara kuɗi ita ce ta fi kyau. Ka ji fa. Yarinyar da aka ce za ta sami sana'a ta koma ita ce kwastoma.

Sai maganar Legas. Gaskiya ne akwai babban taron nuna tufafi da ake kira Lagos Fashion Week, wanda wata mata mai suna Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, kuma manyan teloli na ƙasar nan suna kai kayansu can. Amma can ake tantance masu takun, kuma ranar tantancewa ba a biyan kowa kuɗin mota. Daga tashar Jimeta zuwa Legas sai an kwana a hanya. Yarinya 'yar shekara 17 ta sauka a garin da ba ta da uwa ba ta da uba, a ina za ta kwana, wa zai ciyar da ita, kuma me zai nema a madadin haka? Hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane, ta sha yin gargaɗi a kan masu yi wa 'yan mata alkawarin aiki a nesa da gida. Ko waɗanda kamfanonin gaske suka ɗauka ba duka suke tsira ba. A 2023 jaridar Sunday Times ta Ingila ta bi diddigin wasu 'yan mata da aka ɗebo daga sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a ƙasar Kenya aka kai Turai tallar tufafi. Waɗanda ba su sami aiki ba aka mayar da su sansanin, wasu da bashin kuɗin jirgi da masauki a kansu. An je neman arziki an dawo da bashi.

Mun san amsar da yaran za su bayar, domin mun ji ta daga bakin 'yar Hajiya da kanta: "Baba Malam, Shatu Garko fa?" To, mu yi maganar Shatu, kuma mu yi ta da adalci, domin 'yar mutane ce. A watan Disambar 2021, tana da shekara 18, wannan yarinya 'yar jihar Kano ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Najeriya a Legas, da lulluɓinta a kai, ita ce Musulma mai hijabi ta farko da ta ci gasar tun da jaridar Daily Times ta fara shirya ta a 1957. Abin mamaki, wadda ta fara cin gasar a wancan lokaci, Grace Oyelude, ita ma a Kano ta tashi. An ba Shatu naira miliyan 10 da mota da gidan zama na shekara guda. Aka yi ta cece-kuce, har aka ruwaito kwamandan Hisbah na Kano a lokacin, Malam Haruna Ibn Sina, yana cewa za su gayyaci iyayenta. Duk wannan ya faru. Amma kambin na mutum ɗaya ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma daga baya a cire shi a sa wa wata. Wanda ya gina rayuwar 'yarsa a kan wannan lissafi, da mai sayen tikitin caca duk ɗaya.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Halima Aden, kuma muna roƙon iyaye mata su karanta wa 'ya'yansu wannan sakin layi a hankali. Halima 'yar asalin Somaliya ce, an haife ta a 1997 a wancan sansani na Kakuma da muka ambata, ta tashi a jihar Minnesota ta Amurka. A 2016 ta shiga gasar kyau ta jiharsu da hijabinta, duniya ta ɗauka. A 2017 kamfanin IMG, ɗaya daga cikin mafi girma a wannan harka, ya ɗauke ta. Ta sa aka rubuta a yarjejeniyarta cewa ba za ta cire hijabi ba, kuma ana keɓe mata wurin sauya kaya ita kaɗai. Fuskarta ta fito a bangon manyan mujallun duniya. Wato duk abin da 'yarmu ke mafarki, Halima ta taka shi da ƙafarta. Sai ga shi a watan Nuwambar 2020 ta fito ta ce ta bari. Ta bayyana cewa a hankali ikon hijabin ya fita daga hannunta ya koma hannun masu shirya ta, yana ta ƙanƙancewa, har akwai ranar da aka ɗora mata wandon jins a kai a matsayin lulluɓi. Ta ce akwai lokutan da salla ta wuce ta saboda aiki, kuma mahaifiyarta ta daɗe tana ce mata ta bari.

Ku lura da kyau. Wannan mai takarda a rubuce ce, mai suna, mai kuɗi, mai Turanci a baki, wadda in ta yi magana jaridun duniya ke bugawa. Ita ma ba ta iya riƙe ikon kamanninta ba. Ina ga marainiyar Jimeta da ba ta da ko guntuwar takarda? Ko a nan gida mun ga misali. A wannan wata na Nuwambar 2020 Rahama Sadau ta sa wasu hotunanta a intanet, wani can da ba ta sani ba ya rubuta kalaman ɓatanci ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ƙarƙashin hoton. Ta goge hotunan, ta fito tana kuka tana neman gafara tana barranta da abin da aka rubuta. Ba muna wanke shigar da ta yi ba ne. Abin da muke nunawa shi ne hoto in ya bar hannunka ya zama kamar tsuntsun da ya bar keji, ba kai ke zaɓa masa reshen da zai sauka ba.

To, an gama da na nesa. Yanzu mu dawo kan tambayar Hajiya, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wa ya fara sa wa yarinyar nan ra'ayin cewa fuskarta haja ce? Ba mai takardar N15,000 ba ne. Shi ya zo ne ya tarar da gona an riga an share. Mu ne muka share ta, mu 'yan kasuwar tufafi, da teloli, da masu kwalliya, da masu lalle, da masu ɗaukar hoton biki. Kowa ya san yadda ciniki ya koma. Da can mu je Kantin Kwari ta Numan da Gombe, mu saro kaya, mu jera a shago, mai saye ya zo ya taɓa da hannunsa, mutanen Garwa da Mubi su zo su ɗiba. Yanzu rabin ciniki a waya yake. Ka sa hoton atamfa a ninke, mutum biyar su duba. Ka sa hoton yarinya ta ɗinka ta sa, ta juya baya ta waiwayo, kafin La'asar an kira ka sau ashirin. Ba za mu ɓoye ba, shagonmu ma ya taɓa yi. Yaron shago ne ya kawo shawarar, ya ce akwai wata ƙawar ƙanwarsa, muka ce a yi, ba mu ko tambayi 'yar gidan wa ce ba. Leshin da ya yi wata uku a kanta ya ƙare cikin mako guda. Muka yi murna. Me aka ba yarinyar? Kayan da ta sa aka bar mata, da kuɗin keke.

Wannan shi ne farashin kasuwa a Jimeta yau: turmi ɗaya, ko ragin kuɗin ɗinki, ko kwalliya kyauta, ko kuma kalmar nan mai daɗin ji, "za ki yi suna." Hoton kuwa ya zauna a shafin shago shekara da shekaru yana jawo ciniki. Wani a Kano ya kwafe ya sa a nasa shafin, wani a Yamai ya kwafe, wani ya yanke fuskar ya yi abin da ya ga dama da ita. Kuma a tsarin dokar haƙƙin mallaka, galibi wanda ya ɗauki hoto shi ke da hoton, ba wanda aka ɗauka ba, sai in an rubuta wani abu daban. Wace yarinya ce a unguwar nan aka taɓa rubuta wa wani abu daban? Amare ma ba su tsira ba. An biya mai kwalliya kuɗinta cif, an biya mai hoto, kafin a kai amarya ɗakinta bidiyonta ya riga ya zaga gari a matsayin talla, ba a tambaye ta ba, ba a tambayi angon ba.

Mu da muka yi Islamiyya, a babin ciniki na Risala aka koya mana cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki, tana inganta ne in an san ladan kuma an san wa'adin. A wannan cinikin wane lada aka ambata? Wane wa'adi aka yanka? Hoton zai yi wata ɗaya ne ko shekara goma? A shafi ɗaya ko a duk duniya? Babu wanda ya faɗa. Ko da a ce aikin kansa ba shi da wata matsala ta shari'a, yadda muke ƙulla shi cin haƙƙi ne. Ku tuna da dillaliya. Iyayenmu mata suna cikin kulle, dillaliya ke ɗaukar ƙunshin zannuwa gida gida, ta shimfiɗa a tsakar gida, wani lokaci ta yafa a kafaɗarta a ga yadda zai zauna. Mata zalla ke kallo, la'adarta sananniya ce, in ta naɗe kayanta ta fita an gama. Yarinyar yau ita ce dillaliyar, amma an cire la'adar, an cire katangar gidan, kuma ba ta da ranar naɗe kaya.

Game da hukuncin takun kansa, ba za mu yi kwana-kwana ba. Mace baliga ta ci ado ta fito tana rangwaɗa a gaban mazan da ba muharramanta ba, domin dai a kalle ta, wannan bai halatta ba, ko da mayafi a kanta, kuma aya ta 31 a Suratun Nur ta isa hujja. Sai dai mu malamai, manya da irinmu na wucin gadi, muna da wata ɗabi'a: mu tsallake aya ta 30 mu faɗa kan ta 31. Alhali umarnin runtse ido da maza aka fara. Su wa ke cika zauren taron? Su wa ke bin shafukan suna aika saƙo cikin dare? Wa ke da shagon, wa ke da kyamarar? In liman ya hau mumbari ya yi rabin awa yana tsine wa 'yan matan zamani, mai shagon yana sahun gaba yana gyaɗa kai yana cewa "na'am," to yaran nan ba wawaye ba ne, suna gani. Ranar da suka gane cewa wa'azinmu yana da ido ɗaya, ranar suka daina ji.

Wasu dattawa sun ce mana, da a Kano ne da tuni an yi maganin abin. Gaskiya Hisbar Kano tana da ƙarfi. A tsakiyar 2021 har mutum-mutumin da teloli da masu shaguna ke rataya wa kaya ta hana, sai dai wanda aka cire wa kai. Amma mu tambayi kanmu, hana mutum-mutumi ya rage hotunan 'yan mata a wayoyin Kano? Duk mai waya ya san amsa. Wani lokaci ma sai mu ga kamar gunkin roba ya fi 'yar mutum samun mai kare masa mutunci. Ban da haka, nan Adamawa ce. Ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a, waɗanda Zamfara ta yi wa jagora. Muna zaune ne da Fulani masu ƙasa tun zamanin Modibbo Adama, da Bata da Bachama da Kilba da Margi da Chamba da Inyamurai da sauransu, Musulmi da Kirista, kasuwa ɗaya, layin famfo ɗaya. Sunayen unguwanni irin su Gwadabawa da Alkalawa da Limawa da Yelwa sun isa su nuna wa baƙo cewa Bahaushe ya daɗe a garin nan, kuma abin da ya zaunar da kakanninmu lafiya shi ne amana a ciniki da kama kai. Ba mu da hukumar da za ta yi mana tarbiyyar 'ya'ya, kuma ba mu da hurumin hana 'yar maƙwabci abin da addininta da iyayenta suka yarje mata.

A nan muna jan kunnen samarinmu masu zafin kai, waɗanda muka ji suna cewa in aka shirya taron a garin nan za su je su tarwatsa. Kul. Yawancinku ba a haife ku ba, ko kuna goye, a watan Nuwambar 2002, lokacin da aka kawo gasar sarauniyar kyau ta duniya Najeriya cikin watan azumi. Wani rubutu a jaridar ThisDay ya taɓa martabar Annabi, rikici ya ɓarke a Kaduna, mutum sama da 200 suka rasa rayukansu. Gasar fa? Aka kwashe 'yan matan aka kai Landan aka yi abin da za a yi. Waɗanda suka mutu talakawan Kaduna ne, masu shago da masu tura baro irinmu. Garin nan ya sha wuya isasshiya tun 2014 da 'yan uwanmu na Mubi da Michika da Madagali suka cika gidajenmu suna gudun hijira. Ba mu buƙatar ƙarin wuta.

Kada kuma a ce mun rufe ido ga halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda tukunya take. Yarinya ta gama sakandare, babu kuɗin rajistar Jami'ar Modibbo Adama ko kwalejin ilimi, manemin aure yana ta ɗaga rana saboda kayan lefe, ƙawayenta suna riƙe da manyan wayoyi. Ka ce mata haramun ka juya baya, ba ka ba ta komai ba. Kuma a cikin harkar tufafin nan akwai abinci na halal mai yawa. Wadda ke sa kayan ita ce ta ƙarshe a layin kuɗi, kuma ita ce ke saurin tsufa a sana'ar, domin da ta haura shekara 25 an fara neman wata. Mai ɗinki kuwa kullum hannunta ƙara tsada yake. Muna da mata a unguwar nan da keken ɗinki ɗaya ya aurar musu da 'ya'ya uku. Akwai masu zanen samfuri, masu aikin duwatsu a jikin abaya, masu saro kaya suna sayarwa ta waya daga cikin ɗakinsu. Mata masu ɗaukar hoto a taron mata zalla ma nema ake yi ba a samu, domin gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga wurin kamu da kyamara. N15,000 ɗin nan in aka kai wa telar kirki ta fara koya wa yarinya yanka, an san inda kuɗin ya shiga.

Wani abin dariya, samarinmu ma suna wannan tallar, suna sa shadda Getzner da hula zanna bukar suna tsayawa jikin motar da ba tasu ba, kuma ba mu taɓa jin wanda ya yi huɗuba a kansu ba. Nasu da sauƙi ta fuskar shari'a, in dai an rufe al'aura kuma ba a yi ƙarya a kan kayan ba. Amma su ma kyauta suke yi, a ba su kaftani ɗaya su yi ta godiya.

Abin da muka yi a namu shagon, ba don mun fi kowa ba sai don mun riga mun faɗa ramin, shi ne mun sa an goge duk hoton da ke da fuskar 'yar mutane. Kayan mata yanzu a jikin mutum-mutumi marar kai muke ɗauka, ko a shimfiɗe a tebur da haske mai kyau. In telar da muke hulɗa da ita tana son nuna yadda ɗinki ke zama a jiki, tana tara kwastomominta mata a gidanta, ba waya a hannun kowa, kuma wadda ta sa kayan ana yanka mata ladanta da kuɗi tun kafin ta sa. Ciniki ya ɗan ja baya, ba za mu yi ƙarya ba, musamman na leshi. Mun kuma nemo yarinyar da ta yi mana talla a bara ta hannun ƙanwar yaron shago, muka je gidansu muka ba mahaifinta haƙuri, muka biya ta abin da muka ga ya kamata. Mutumin bai ma san an yi ba. Yadda ya dube mu, mu da yake bi salla, ba za mu manta da shi ba.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar tufafi da na teloli a unguwar nan su zauna a kan wannan batu kafin kakar bukukuwa ta ƙarshen shekara. Ko ba a yarda da mu a kan cire fuska gaba ɗaya ba, a yarda da mafi ƙaranci: kada a ɗauki hoton 'yar kowa sai da sanin waliyyinta, kada a taɓa wadda ba ta kai shekara 18 ba, a rubuta lada da wa'adi a takarda, kuma ranar da ta ce a cire, a cire. Masu kwalliya da masu hoto su ma su riƙa tambayar amarya da angonta. Wanda ke da lambar asusun da ke jikin takardar nan kuwa, in da gaske yake, ya zo ofishin mai unguwa da takardar rajistar kamfaninsa, ya faɗi sunan yarinya ɗaya tak da ya taɓa samar wa aiki a Legas da nawa aka biya ta. Za mu buga amsarsa a fitowa ta gaba, in edita ya ba mu fili.

Ita kuwa Hajiya, mun koma mata da amsa bayan kwana uku, kuma mun je wurin Alhajin da ta ambata, mu biyu a cikin shagonsa. Ya ji nauyi, ya sa yaronsa ya goge hotunan a gabanmu. 'Yar tata ta fara zuwa koyon ɗinki wajen wata maƙwabciyarsu, tana zuwa tana kumbure-kumbure, amma tana zuwa. Sai dai a makon jiya ƙanin marigayi mahaifinta ya bugo waya daga Kano ransa a ɓace. Ya ga hoton yarinyar a shafin wani mai sayar da man shafawa na ƙara hasken fata, an ƙara mata fari, an rubuta cewa man ne ya mayar da ita haka. Mun aika wa mai shafin saƙo sau biyu, har yau bai amsa ba.